Amsa ga mai neman asibitin unguwa a Ingila

Hajiya, barka da isowa. Kin tambayi yadda za ki gane asibitin GP (asibitin likitocin unguwa) mai inganci kafin ki yi wa yara rajista. A Ingila hukumar CQC, mai sa ido kan ingancin asibitoci, ita ce ke duba su tun 2013. Ki shiga shafinta, ki rubuta sunan asibitin, za ki ga matakin da aka ba shi cikin huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda bai cika ƙa'ida ba. Doka ta wajabta musu manna sakamakon inda kowa zai gani.

Ni dai a rahoton CQC, ɓangaren kiyaye lafiyar marasa lafiya nake fara karantawa: shin firjin rigakafi yana tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ana rubuta sanyinsa kullum? Magungunan gaggawa ba su wuce wa'adi ba? Nan ake gane masu sakaci. Ki duba ranar rahoton ma, wasu sun kwana biyu.

Likitan kuwa, sunansa na cikin rajistar GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Yin rajista a asibitin GP kyauta ne, kuma idan Turanci bai zauna ba, ki nemi su kawo miki tafinta.