Sunan Ailan ga Farar Kyanwa

Tambaya: Ina zaune a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, da iyalina, kuma kwanan nan maƙwabciyarmu ta ba yarana wata farar kyanwa. Yaran sun nace sai an sa mata suna na harshen mutanen Ailan, wanda ba a cika ji ba. Wanne ya dace?

Amsa: Malama, abin da za ki fara lura da shi shi ne cewa rubutun wannan harshe ba ya tafiya daidai da yadda idon Bahaushe zai karanta shi. Ana rubuta Niamh amma a ce "Niv", ana rubuta Saoirse, wato 'yanci, a ce "Sirsha". Tun da kyanwa da kunne take gane sunanta, ki nemi wani ɗan ƙasar ya furta miki sunan kafin ki tsayar da shi. Waɗannan biyun ma ban ba ki shawarar ɗaukarsu ba, domin sunayen mata ne da ake yayi a can, kuma ba zai yi daɗi ba ki ƙwala wa kyanwa kira 'yar maƙwabta ta waiwayo.

Zaɓina shi ne Pangur Bán. A ƙarni na 9 wani malamin Kirista ɗan Ailan, da ke zaune a tsakiyar Turai, ya rubuta wa kyanwarsa mai wannan suna waƙa, inda yake kwatanta aikinsa da nata: ita tana farautar ɓeraye, shi kuma yana farautar ma'anar kalmomi a cikin littattafai, kowa yana jin daɗin sana'arsa ba tare da ya takura wa ɗan'uwansa ba. Har yanzu rubutun yana nan a ajiye a ƙasar Ostiriya. Kalmar bán, da ake furtawa kamar "bon", tana nufin fari, saboda haka ta dace da taki, ko da yake na san kafin mako ya zagayo bakin gida zai mayar da ita Fangur.

Akwai kuma Bran, amma sunan karen farautar jarumin tatsuniyar mutanen Ailan ne, Fionn mac Cumhaill. Rua kuwa, mai kama da ruwa a kunnenmu, ja yake nufi. Idan yaran suka kawo miki Madra don ya yi musu kama da madara, ki sanar da su cewa a harshen Ailan ma'anarsa kare.