Amsa: kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce maiɗakinka ta haihu wata biyu ke nan, ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko tsakar gida ta share, ga tari da dare, kuma tsofaffi sun ce sanyin jego ne. Don Allah kada ka tsaya jira, ka kai ta Gusau gobe, asibitin gwamnatin tarayya (FMC) ko Asibitin Yariman Bakura, ka roƙi a yi mata hoton zuciya, wanda ake ce wa eko.

Alamomin nan sun yi kama da raunin tsokar zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa, kuma Arewacin Najeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya. Zuciyar ce ke buɗewa ta saki, ta kasa tura jini, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Danna ƙaurinta da yatsa: in ramin ya daɗe bai cike ba, ruwa ne. Ka lura kuma ko sai ta jingina da matashin kai biyu ko uku kafin barci ya ɗauke ta.

Kunun kanwa a dakatar da shi tun yau, a rage gishiri, domin dukkansu riƙe ruwa suke yi a jiki. Na san faɗa wa surukai haka da nauyi, amma ran uwar jariri ne.

Mata da yawa suna warwarewa da magani. Sai dai kada ta sake ɗaukar ciki sai an maimaita hoton, likita ya amince. Allah ya ba ta lafiya.