Tambaya da Amsa: Za mu zaga jajayen duwatsun Yuta da motar kwana, babba za mu ɗauka ko ƙarama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni da iyalina muna zaune a Amurka, muna so mu yi hayar irin motar nan mai gado da kicin a ciki mu zaga gandayen jajayen duwatsu na jihar Yuta, su Zion da Arches, a watan Yuli lokacin hutun yara. Uwargida ta kafe sai dai a ɗauki babbar mai banɗaki, ni kuma kuɗin ne ya min yawa. Sannan da gaske ne duk inda dare ya yi wa mutum zai iya fakawa ya kwana? Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A gaishe min da uwargida, amma wannan karon ina bayanka, ba don kuɗin ba ma, don hanya. A Zion akwai wani ramin mota da aka fafe cikin dutse tun 1930, tsawonsa ya kusa kilomita 2, kuma an yi shi ne daidai da motocin wancan zamanin. Motar da faɗinta ya kai mita 2.4 ko tsayinta ya kai mita 3.4 ba ta wucewa kai tsaye, kuma ta nan ne hanya mafi sauƙi zuwa gandun Bryce Canyon, to ka ga in ka ɗauko gida guda a kan taya kai da zagaye ne. Ka tambayi kamfanin haya faɗin motar har da madubin gefe, sannan ka duba dokar ramin a shafin gandun kafin ka biya. Ga kuma wahalar fakin, a Arches kafin hantsi ya ɗaga fili ya cika, ƙaramar mota ma da ƙyar balle babba. Ainihin kwarin Zion kuwa yawancin shekara ba a shiga da motar kai, bas ɗin gandun ake hawa.

Maganar kwana ko ina, wanda ya faɗa maka rabin gaskiya ya faɗa. Cikin gandun ƙasa ba a kwana a wurin fakin ko gefen titi, sai sansanin da aka ware, kuma wuraren kaɗan ne, na Arches mai suna Devils Garden gurbi 51 ne kacal, ana buɗe kamawa a shafin intanet na Recreation.gov wata 6 kafin ranar kuma nan da nan ake wawashe shi. Inda ake kwana kyauta shi ne filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, da ke wajen gandayen, yawanci har kwana 14, amma fa ba ruwa ba wuta ba bayi, kuma a kewayen garin Moab da ke kusa da Arches dole ka kwashe bahayarku ku tafi da ita, ba a binnewa. Ƙaramin bayin tafi da gidanka ya isa, ka ga an raba gardama da uwargida kenan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne Yulin nan. Zafi a Moab da Zion yana wuce digiri 38, na'urar sanyaya ɗakin motar kuma ba ta daɗewa a kan batir sai an jona wuta ko an tada janareta, Devils Garden kuwa ba wurin jonawa. Sannan daga Yuli zuwa Satumba lokacin hadari ne, ruwa zai zuba can nesa kai kana ganin rana tar, sai kawai ambaliya ta biyo matsattsen kwazazzabo da laka da itatuwa. A Satumban 2015 mutum 7 ta kashe a Keyhole Canyon cikin Zion. Kada ka faka a busasshen rafi komai kyan inuwarsa, kuma in an yi ruwa ka rabu da hanyoyin ƙasa na gandun Capitol Reef, yumɓun wurin ko mota mai ja da ƙafa huɗu yana riƙe ta. In da hali ku maida tafiyar Afrilu, Mayu ko Oktoba. In kuma hutun yara ya ɗaure ku, to ku riƙa fita da asuba, ku yawaita kwana a Bryce, shi yana sama da mita 2,400 ne, dare da sanyi har sai kun nemi bargo.

Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a rana, ban da na girki da alwala. Ka cika tanki a garin Green River in za ka bi babbar hanyar I-70 zuwa yamma, sama da kilomita 160 ne har Salina ba gidan mai, netwok ma yana ɗaukewa, don haka ka sauke taswira a waya tun kana gari. Katin shekara na shiga gandayen ƙasa dala 80 ne ga mazauna Amurka, amma ba ya aiki a kwarin Monument Valley, can ƙasar ƙabilar Navajo 'yan asalin Amurka ce, kuɗinsu daban.

Ka kuma ja kunnen yara kan baƙar ƙasar nan mai kurji kurji da ke gefen hanya, rayayyun halittu ne ke riƙe yashi kada iska ta kwashe shi, taku ɗaya yana ɗaukar shekaru kafin ya farfaɗo. Su bi kan dutse ko sawun da aka riga aka yi.