Gidan matan zuhudu na Descalzas Reales a Madrid

Malam, ka ce daga Birnin Kebbi za ka tafi taro Madrid, kana tambaya ko Musulmi na iya shiga wannan gida, kuma ko ya cancanci ɓata lokaci. Kowa na shiga, ba a tambayar addini a ƙofa, tikiti kawai ake saye. Sai dai a rukuni ake zagayawa da ɗan jagora, kuma ran Litinin a rufe yake. Sayi tikitinka tun da wuri. Daga dandalin Puerta del Sol ƙafa ma ta isa.

Asalinsa gidan sarauta ne, kamar yadda gidan tarihin Kanta na Argungu yake tsohuwar fada. Gimbiya Juana, ƙanwar Sarki Philip na biyu na Spain, ta mai da shi gidan zuhudu a 1559. 'Ya'yan sarakuna da na manya ne suka riƙa shiga, kowacce ta zo da dukiyarta, shi ya sa kayan tarihi suka taru a gidan. Har yau akwai sistoci, wato matan zuhudu na Kirista, a ciki, ba za ka gan su ba.

A ganina abin tsayawa shi ne manyan saƙaƙƙun bangon da shahararren mai zane Rubens ya zana aka saƙa a Brussels. Ko don aikin zaren kaɗai sun isa kallo. Sai matakalar shiga, wadda aka zane bangonta har rufi, ga Sarki Philip na huɗu da iyalinsa suna leƙowa.

Amma ka sani, gumaka da hotunan Annabi Isa (AS) sun cika ko'ina. In zuciyarka ba ta kwanta da haka ba, fadar sarki na nan kusa.