Tambayi Tsohuwar Nas: An Kai Ni Ɗakin Masu Tarin Fuka, In Nemi Sauyi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni nas ce a wani asibitin jiha, kwanan nan aka mayar da ni ɗakin masu tarin fuka. Da dare mu biyu ne ke duba ɓangaren maza da na mata. Takunkumin N95 ɗaya ake ba mu, mu yi ta maimaita shi har igiyarsa ta saki. Alawus ɗina daidai yake da na ƙawata da ke awon ciki, ko kwabo babu ƙari. Ina da goyo, surukata ta hana ni ɗaukar yarinyar sai na yi wanka, kwanona ma ta ware. Maigida ya ce in nemi sauyi ko in ajiye aikin. Ya zan yi?
Daga wata nas mai goyo

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki.

Mu fara da gida. Ki zauna da Inna cikin ladabi ki gaya mata cewa tarin fuka a iska ake shaƙarsa, daga tarin mai ciwon. Ba ya bin kwano, ba ya maƙalewa a riga ya biyo ki gida. Sauya kayan aiki da wanke hannu kafin ɗaukar jariri abu ne mai kyau saboda wasu ƙwayoyin cutar, ki ci gaba da yi. Idan an yi wa yarinyar allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, alhamdulillahi.

Batun sauyi kuwa, ban goyi bayan maigidanki ba, ko da yake na san ƙauna ce ta sa shi faɗa. Mai tarin fukar da ya ɗauki kamar mako biyu yana shan maganin da ya dace da ciwonsa, yaɗawarsa ta ragu ƙwarai. Wanda ya fi ba ni tsoro a duk zamana na aiki shi ne dattijon da ke zaune kan benci a layin ganin likita, yana tari tun damina, ba a taɓa gwada kakinsa ba, ana ta ba shi maganin mura. A Najeriya da ke sahun gaba a Afirka wajen yawan masu wannan ciwo, irinsa na nan a kowane sashe, har wurin awon cikin. Ke aƙalla kin san da wa kike.

Amma ban ce ki yi shiru ba. Takunkumin da igiyarsa ta saki, iska na shiga ta gefen hanci, bai tsare ki daga komai ba. Ki rufe shi da tafin hannu biyu ki fesar da numfashi. In kin ji iska a idonki ko kumatunki, ya gama aiki. Takunkumin tiyata kuwa, mai shuɗin nan, majinyacin ake sa wa. Sai taga. Na san yadda ake yi da hunturu: ƙarfe biyun dare marasa lafiya sun rurrufe tagogi, har da cusa tsumma a kafa, ɗaki ya yi ɗumi, ke kuma kina ciki har asuba kina shaƙar abin da suka tarar. Ki sa 'yan jinya su kawo bargo, a buɗe tagogi ta ɓangarori biyu, teburinki ya koma inda iska ke shigowa. Kakin gwaji kuma a waje ake tofa shi cikin kwalba, a fili. Wanda gwajin kaki na GeneXpert ya nuna tarinsa ba ya jin magani, a raba masa ɗaki, kuma kada ki shiga wurinsa da lalataccen takunkumi ko waye ya ce.

Kuɗi ne inda raina ke ɓaci. Shekara da shekaru naira 5,000 ake biyan ma'aikatan lafiya na tarayya a wata a matsayin alawus ɗin kasada. Sai a Disambar 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin 15,000 da 34,000 ga waɗanda ke kan CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, kuma da matakin albashi ake lissafa shi, ba a duban ɗakin da kike. Shi ya sa kuka zo ɗaya da ƙawarki. Jihohi kuma kowace da yadda take biya. A ganina wannan rashin adalci ne ga mai kwana da masu tari. Da ƙungiyar nas-nas da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, alawus ɗin dutin dare da na tufafin aiki da ɗaukar ƙarin ma'aikata na cikin abin da ta nema. Don haka ki riƙa zuwa taron reshenku, ana cire miki kuɗin ƙungiya a albashi ai.

Koke da baki iska ke kwashe shi. Ku haɗu ku rubuta wa shugabar sashe takarda, da kwanan wata da sa hannun kowa: takunkumi nawa kuke buƙata a wata, mutum nawa a dutin dare, da gwajin lafiyarku lokaci-lokaci. Ki ajiye kwafi a gida tare da takardar turo ki ɗakin. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga ciwon da aka ɗauka a bakin aiki, kuma idan, Allah ya kiyaye, aka kai ga haka, takardun nan za a fara tambaya.

Akwai inda zan ce ki nemi sauyi ba tare da jin kunya ba: in kina da ciwon suga, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko kin samu ciki, ki ga likita ya rubuta miki. Tari na mako biyu, zufar dare ko rama, ki kai kakinki a ranar. Gwajin da maganin wata shida duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ki nuna wa maigida wannan shafi, sannan ki rubuto mini abin da shugabar sashen ta ce.