Amsa: Me waƙar Radiohead ta "How to Disappear Completely" take nufi?

Ɗan'uwa, ka ce waƙar na sa ka jin wani iri amma ba ka gane kanta ba, har kana tunanin ta rabuwar masoya ce. A'a, waƙar mutumin da suna ya yi wa yawa ce.

Bayan faifansu OK Computer ya fito a 1997, ƙungiyar mawaƙan Radiohead, 'yan yankin Oxford a Ingila, ta shiga yawon wasa ba hutu. Mawaƙinsu Thom Yorke ya gaji har ya kusa kasa hawa dandamali. Abokinsa Michael Stipe na ƙungiyar mawaƙan R.E.M. ya ba shi shawarar ya riƙa faɗa wa kansa cewa ba ya wurin, abin ba faruwa yake ba. Wannan maganar ce ta zama amshin waƙar, wadda ta fito a faifan Kid A a 2000.

Ka saurari kayan gogen da Jonny Greenwood, ɗan ƙungiyar Radiohead, ya tsara: can wajen ƙarshe sai su karkace kamar za su haɗiye muryar, sannan su sake ta. A wurina nan ne zuciyar waƙar.

Kuskuren da ake yi shi ne bin baitocin kalma-kalma, ko ɗaukarta kiran mutuwa. Neman ɓuya daga idon jama'a ne.

Amma idan kai ma kana jin kamar ka fita daga jikinka, abin kuma ya daɗe yana hana ka barci ko aiki, don Allah ka ga likitan ƙwaƙwalwa, kada ka bar wa waƙa.