Tambaya da Amsa: Hifnosis zai iya fito da wanda ya ɗauke min sarƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Sarƙata ta gwal ta ɓata a ɗaki sati biyu ke nan. Ƙawata ta haɗa ni da wani da ya yi kwas ɗin hifnosis ta intanet. Ya ce zai sa 'yata mai shekara 11 cikin wani irin barci ta tuno wanda ta gani ya shiga ɗakin, in ba a dace ba a sa yarinyar da ke mana aiki, wai a wannan halin ba a iya ƙarya. Ina tsoron kada 'yata ta ƙi farkawa ko wani abu ya shige ta. Ni ma tun ranar ba na barci, kuma na ji akwai wanda mutum ke yi wa kansa. Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya bayyana miki kayanki. Kada ki kai 'yarki, kada ki kai 'yar aikin. Sai dai inda kika ajiye tsoronki ba nan haɗarin yake ba.

Batun ƙin farkawa ki cire shi a ranki, domin hifnosis ba barci ba ne. Sunan ne ya ruɗi mutane: James Braid, likitan fiɗa a Manchesta ta Ingila, shi ya yaɗa shi a 1843 daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Wanda ake yi wa yana ji, ya san inda yake, hankalinsa ne ya taru wuri guda, kamar mai lissafin kuɗin adashi da sai an kira ta sau biyu ta amsa. Ko mai yin ya tashi ya fita, mutum zai buɗe ido da kansa, ko ya zarce da barcin gaske ya farka. Babu kuma wani ƙarfi da ke fita daga hannun mai yi ya shiga jikin mutum. Tun 1784 kwamitin da Sarkin Faransa ya kafa a Faris ya gwada iƙirarin wani likita Bajamushe mai suna Mesmer na irin wannan ƙarfi, bai samu komai ba sai tasirin tunanin mutum. Magana ce da tara hankali. In kin ga an kawo hayaƙi da surkulle, wata sana'ar ce daban.

Yanzu ga abin da ya dame ni, wato "a wannan halin ba a iya ƙarya". Wannan maganar ta raba gidaje, kuma kullum sai mun ji ta. Na farko, ana iya ƙarya sarai. Wanda ya ƙudurta ɓoye abu zai ɓoye shi, idonsa a rufe ko a buɗe. Na biyu ya fi muni: mai gaskiya ne zai faɗi abin da bai faru ba, ya kuma rantse a kai da zuciya ɗaya. Ƙwaƙwalwa ba bidiyon waya ba ce da za a mayar baya a kalla. Duk sanda muka tuno abu, sake haɗa shi muke yi daga gutsattsari, muna cike gurbi da abin da muka ji daga baya. Hifnosis yana sassauta tantancewar da mutum ke yi tsakanin abin da ya gani da abin da ya zana a ransa, sannan ya ƙara masa yaƙini. A 1983 masu bincike biyu a Kanada, Laurence da Perry, sun ɗauki mutum 27 masu saurin karɓar hifnosis, suka sa musu a rai cewa wata ƙara ta tashe su cikin wani dare da suka yi barcinsu lafiya. Bayan an gama, 13 suka ce sun ji ƙarar. A 1985 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta bayyana cewa tunowar da aka samo ta hifnosis ba ta kai ta yau da kullum aminci ba, kuma kotuna a jihohi da dama na Amurka sun taƙaita karɓar irin wannan shaida.

Ki dubi gidanki, Hajiya. Sati biyu yarinyar nan tana jin manya suna ƙus-ƙus, tana ganin irin kallon da ake yi wa 'yar aiki. Sai a zaunar da ita, a ce ta rufe ido, baƙon namiji ya sassauta murya ya ce, "Ga ƙofar ɗakin Mama, wa ke buɗe durowa? Ita ce, ko?" Yaro yana son faranta wa babba. Za ta ce ita ce, har ta kwatanta kalar ɗankwalinta, kuma ba ƙarya take miki ba, hoton ya riga ya zauna mata. Daga nan sai duka, sai caji ofis, ga yarinyar mutane da aka ɗauko daga ƙauye ba ta da mai tsaya mata. In sarƙar ta fito daga bayan sif ko cikin jakar biki, ƙazafin ya riga ya fita, 'yarki kuma za ta girma tana ganin satar da ba a yi ba. Shi mai kwas ɗin ya karɓi kuɗinsa ya wuce.

Takardar shaidar da aka samu a waya ba ta mai da mutum likita. Hifnosis kayan aiki ne a hannun likita ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, ana amfani da shi wajen rage ciwo, fargaba kafin tiyata, da wani ciwon hanji mai yawan murɗa da kumburi. Ba ya gano ɓarawo. Batun sarƙa, ki sake bincike da kyau, ki tambayi kowa shi kaɗai cikin natsuwa ba tare da kin sa masa suna a baki ba, ki kai rahoto ga 'yan sanda da hoton sarƙar ko rasiɗinta.

Na rashin barcinki kuwa, wanda mutum ke yi wa kansa, za ki iya gwadawa. Bayan isha'i ki ajiye waya, ki zauna a kujera mai jingina, ki lulluɓe ƙafafunki don sanyin Jos kada ya ɗauke miki hankali. Ki tsayar da ido kan wani ɗigo a bango sama da idonki kaɗan. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi kina ƙirga 6, sau goma. In fatar ido ta yi nauyi ki rufe. Ki ƙirga daga 10 zuwa 1, kowace lamba kina sakin wani sashe: tafin ƙafa, cinya, ciki, kafaɗa, muƙamuƙi. Sannan ki maimaita jumla ɗaya gajeriya, kamar "jikina ya huta, barci na zuwa". Kada ki ce "ba zan tuna sarƙa ba", don kin riga kin kira ta. Minti 10 zuwa 15 ya isa, sai ki ƙirga 1 zuwa 5 ki buɗe ido, ki tashi a hankali saboda jiri. Inda aka fi kuskure shi ne matsa wa kai da jiran a ji wani abu na ban mamaki. Mutane sun bambanta, wajen 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke nutsawa sosai, yawanci tsaka-tsaki ne, kuma hakan ya wadatar. Ki ba shi sati biyu, kullum.

Kada a yi shi ana tuƙi ko ga girki a wuta. Mai farfaɗiya, ko mai jin muryoyin da babu su, ko wanda wani mummunan abu da ya taɓa gani yake dawo masa, ya fara ganin likita, kuma kada a ajiye magani saboda shi. In rashin barcin ya wuce wata guda, ko ya zo da faɗuwar gaba da yawan kuka, ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a duba ki.